Saber da conocer: yadda muka raba "sani" gida biyu a Sifaniyanci

Duk wanda ya fara koyon Sifaniyanci ba ya kwana biyu bai ci karo da *no sé* ba. Ita ce "ban sani ba", kuma tana bakin kowa, tun daga ɗan ƙwallon La Liga da 'yan jarida suka tare bayan an tashi wasa har mai sayar da tikiti a tashar jirgin ƙasa. Aikatau ɗin da ta fito daga cikinsa shi ne *saber*, yana cikin na farko-farkon da ake bai wa ɗalibi. Sai dai littattafan koyon harshen da ke zuwa hannunmu an rubuta su ne saboda mai tunani da Turanci ko Faransanci, ba ruwansu da wuraren da Bahaushe ke tuntuɓe. Mu muna da "sani", muna da "iya". Su suna da *saber* da *conocer* da *poder*, kuma iyakokin ba su faɗa wuri ɗaya ba. Saninmu ya rabu tsakanin *saber* da *conocer*, iyawarmu ta rabu tsakanin *saber* da *poder*. Wanda ya rubuta a littafinsa cewa *saber* shi ne sani ya wuce gaba, zai daɗe yana rushe abin da ya gina a kai. Ga yadda muka bi shi daki-daki, da abin da muka tarar a kowane mataki.

Mun fara da sigogin lokacin yanzu guda shida: *yo sé, tú sabes, él* ko *ella sabe, nosotros sabemos, vosotros sabéis, ellos saben*. Biyar daga ciki suna bin ƙa'idar aikatau masu ƙarewa da *-er*, irin su *comer* (ci) da *beber* (sha). Ta farko ce ta fanɗare. Da ƙa'ida za a bi, *sabo* za a ce, kuma haka yara masu koyon magana ke cewa kafin a gyara musu. A Amurka har laƙabin *no sabo* ake yi wa 'ya'yan mutanen Latin Amurka waɗanda harshen iyayensu bai zauna musu ba. Babba dai *sé* yake cewa. *Sabéis* kuwa a Sifaniya ake jin ta. A Meziko da Kolombiya da sauran ƙasashen Latin Amurka *ustedes saben* ce ke ɗaukar "kun sani", a Ajantina da Yurugai kuma za ka ji *vos sabés* a maimakon *tú sabes*, da ƙarfin murya a gaɓar ƙarshe.

Akwai abin da ya kamata a kama tun a nan, domin ya shafi ladabi. Mu idan za mu girmama dattijo jam'i muke yi masa: "Baba, kun san inda asibiti yake?" Ɗalibi sai ya ɗauko wannan ya ce wa tsoho shi kaɗai *sabéis* ko *saben*, tsohon kuwa ya ɗauka da wasu ake haɗa shi. Girmamawa a Sifaniyanci da *usted* ake yin ta, ita kuma sigar "shi" ko "ita" take ɗauka: *¿Sabe usted dónde está el hospital?* Ga aboki ko ƙane sai a ce *¿Sabes dónde está el hospital?* Ba a raba namiji da mace a nan, *sabes* ta ɗauke "ka san" da "kin san" gaba ɗaya.

Wajen furuci, baƙin *b* da ya faɗo tsakanin wasula biyu, kamar a *sabe*, ba a manne leɓɓa a kansa. Suna kusantar juna ne iska ta sulale. Wasali ba a jan sa, *sé* gajeriya ce tsaf. Ƙarfin murya yana gaɓar farko a *sabes, sabe, saben*, yana tsakiya a *sabemos*, yana ƙarshe a *saber*.

Ɗan karan da ke kan *é*, wanda suke kira *tilde*, ba ado ba ne. Kalmomi masu gaɓa ɗaya ba sa ɗaukar sa sai idan akwai wata kalma mai kama da su da ake son bambantawa, kamar *tú* da *tu*, *él* da *el*, *sí* da *si*. *Se* marar kara wakilin suna ce, ita ce ke ba da ma'anar "an" ko "ana": *se sabe* na nufin "an sani", *nunca se sabe* kuma "ba a taɓa sani". Jimlar da muka riƙa rubutawa har hannu ya saba ita ce *No sé si se sabe*, "ban sani ba ko an sani", domin ta haɗa mai kara da marar kara a layi ɗaya. A waya, idan ka danne *e* ka riƙe, *é* za ta fito; haka ma alamar tambaya ta juye, wadda ake buɗe tambaya da ita, tana ƙarƙashin alamar tambaya ta kullum. Su kansu masu harshen suna yar da karan a saƙon waya, amma a DELE, jarrabawar gwada ƙwarewa a Sifaniyanci da cibiyar Instituto Cervantes ke shiryawa, ana lura da irin wannan. A kuma sani cewa akwai wata *sé* ɗin, umarni daga aikatau *ser*: *sé bueno*, "ka zama na kirki". Abin da ya biyo baya ne ke nuna wadda ake nufi.

Mataki na biyu shi ne ginshiƙin aikin, kuma a ganina wanda ya kama shi ya ci rabin yaƙin. A daina tambayar "wane irin sani nake nufi?", domin tambaya ce mai jawo dogon tunani ana tsakiyar magana. A dubi abin da zai biyo bayan aikatau ɗin. Idan jimla ce guda za ta biyo, wadda ta fara da *que* (cewa), *si* (ko), *qué* (me), *quién* (wa), *dónde* (ina), *cuándo* (yaushe), *cómo* (yaya), *cuánto* (nawa) ko *por qué* (don me), to *saber* ne ba shakka. *Sé que Musa vive en Granada*, na san Musa a Granada yake zaune. *No sé si viene*, ban san ko zai zo ba. *¿Sabes cuánto cuesta?*, ka san nawa ne kuɗinsa? Haka nan idan ɗan guntun bayani ne wanda ko dai kana da shi a ka ko ba ka da shi, kamar lamba, suna, kwanan wata, adireshi, ƙarfe nawa: *sé tu número, no sé su nombre*.

Kurakurai uku ke fitowa a wannan gaɓar. Na farko, jefar da *que*. A Hausa muna iya cewa "na san yana nan" ba tare da "cewa" ba, amma Sifaniyanci bai yarda ba, dole *sé que está aquí*. Na biyu, rikita *que* da *qué*: *sé que come* na nufin "na san yana cin abinci", *sé qué come* kuma "na san me yake ci", kuma a baki ma ta biyun ta fi nauyi. Na uku, barin aikatau tsirara. Idan an gaya maka wani abu kana son ka ce "na sani", abin da aka saba faɗa shi ne *lo sé* ko *ya lo sé*. Wannan *lo* ɗin ita ce ke tsayawa a madadin maganar da aka yi. *Sé* ita kaɗai tana barin mai sauraro yana jiran ƙarashe. A korewa an fi sassauci, *no sé* da *no lo sé* duk suna tafiya. Akwai kuma *sé de que*, wadda har wasu masu harshen ke faɗa, amma Real Academia Española, hukumar kula da harshen da aka kafa a Madrid a 1713, tana ɗaukar ta kuskure.

Sai muka shigo da *conocer*. Idan abin da zai biyo mutum ne, ko gari, ko wuri, ko wani abu da aka yi mu'amala da shi har aka san halinsa, shi ake ɗauka. Sigoginsa: *conozco, conoces, conoce, conocemos, conocéis, conocen*. Nan ma ta farko ce ta bambanta, ta sami *z* kafin *c*, kamar yadda *parecer* ke ba da *parezco*. A yawancin Sifaniya wannan *z* da *c* ɗin da ke zuwa kafin *e* ana furta su da harshe tsakanin haƙora, irin "tha" ta Larabci da duk wanda ya yi tajwidi ya sani. A Latin Amurka da tsibiran Kanari *s* ce kawai. Ɗalibi ya zaɓi ɗaya ya tsaya a kanta.

Abin da ya fi wahalar zama a baki shi ne 'yar *a* da ake sakawa kafin mutum. *Conozco Sevilla*, na san Sevilla, babu *a*. *Conozco a tu padre*, na san mahaifinka, da *a*. Idan ta haɗu da *el* sai su narke su zama *al*: *conozco al médico*. Ko "kowa" na korewa yana ɗaukar ta: *no conozco a nadie aquí*, ban san kowa a nan ba. Waɗanda suka yi boko da Faransanci a Nijar ko Kamaru ko Chadi suna shigowa da riba, domin rabuwar *savoir* da *connaître* kusan ita ce wannan, amma Faransanci ba shi da wannan *a* ɗin, kuma su ne suka fi yawan mantawa da ita. Idan an mayar da mutumin wakilin suna, "na san shi" ita ce *lo conozco*, "na san ta" *la conozco*. A Madrid da kewaye za ka ji *le conozco* ga namiji ɗaya, hukumar harshen kuma ta amince da hakan.

Tsakanin aikatau biyun akwai fili da suke kiwo tare, kuma littattafan da ke cewa ba sa taɓa haɗuwa sun wuce gona da iri. *Sé la verdad* da *conozco la verdad* duk ana faɗa, haka ma *sé el camino* da *conozco el camino*. Wani lokaci dai bambancin yana da nauyi. *Conozco esa canción* na nufin na taɓa jin waƙar, in an sa ta zan gane ta. *Me sé esa canción* na nufin tana kaina, zan iya rerawa. Wannan *saberse* mai wakilin suna ita ce hadda: *se sabe el Corán de memoria*, ya haddace Alƙur'ani. Haka batun mutum: *conozco a la directora*, mun san juna da shugabar, *sé quién es la directora*, na san ko wace ce, ko da ba mu taɓa gaisawa ba. Sannan akwai *saber de*, mai ma'ana biyu. *Sabe mucho de motores*, ya san kan inji. *¿Sabes algo de Hadiza?*, kana da labarin Hadiza? *Hace un año que no sé nada de él*, shekara guda ke nan ban ji ɗuriyarsa ba.

Atisayen da ya fi yi mana amfani a nan na kati ne. A yayyanka takarda guda 40, a rubuta a fuskar kowace abin da zai biyo bayan aikatau kawai, ba tare da aikatau ɗin ba: *a tu hermana*, *dónde vive*, *Bilbao*, *la hora*, *que es tarde*, *nadar*, *este barrio*. A baya a rubuta amsar. A cakuɗa, a riƙa jawowa ɗaya bayan ɗaya, a faɗi cikakkiyar jimla da ƙarfi cikin daƙiƙa uku: *conozco a tu hermana, sé dónde vive, conozco Bilbao*. Wadda aka yi jinkiri a kanta ta koma ƙasan tulin. Idan zagaye ɗaya ya tafi sumul da "ni", a sake da "kai" a sigar tambaya, sannan da "mu" a korewa. Minti goma a rana ya isa. Kada a rubuta Hausa a jikin katin, domin abin da ake son hana kai yi ke nan, wato ratsawa ta "sani" kafin ya zaɓa.

Yanzu sai "iya". Idan aikatau a sigarsa ta asali ya biyo *saber*, ma'anar ita ce ƙwarewar da aka koya: *sé nadar*, na iya iyo, *sabe coser*, ta iya ɗinki, *¿sabes conducir?*, ka iya tuƙi? (a Latin Amurka *manejar* aka fi cewa). *Conocer* ba ya shiga wannan gini ko kaɗan. Abokin karawar *saber* a nan shi ne *poder*, wanda ke nufin samun hali, ko ƙarfi, ko izini. Mun lura cewa Hausa da kanta tana nuna hanya idan aka saurare ta da kyau. Inda muke cewa "na iya", "ta iya", "bai iya ba", *saber* ne. Inda muke cewa "zan iya", "ba zan iya ba", "ina iya", galibi *poder* ne. *Sé conducir, pero hoy no puedo porque me duele la espalda*: na iya tuƙi, amma yau ba zan iya ba saboda bayana na ciwo. Wanda ya ce *no puedo leer* ana ɗauka tabarau ya manta ko haske ya yi kaɗan. Wanda ya ce *no sé leer* ya faɗa cewa bai yi karatu ba. Harshe ma haka: "na iya Larabci" ita ce *sé árabe*, ko *hablo árabe*. Waɗanda suka bi ta Turanci sukan cusa *cómo* a tsakani su ce *sé cómo nadar*, alhali ba a buƙatar ta. Wurinta shi ne inda ake maganar hanya ko dabara takamaimai: *no sé cómo llegar a la estación*, ban san yadda zan kai tasha ba.

Shuɗaɗɗen lokaci ne inda gizo ke saƙa, kuma dalilin daga Hausa yake. "Na sani" siga ce ta abin da ya riga ya faru, irin ta "na ci" da "na tafi", amma ma'anarta yanzu ce. Ɗalibin da ya koyi cewa "na ci" ita ce *comí* sai kansa ya ba shi cewa "na sani" ita ce *supe*. A'a. "Na sani" *sé* ce, "na san shi" *lo conozco* ce, duk a lokacin yanzu.

Sifaniyanci yana da shuɗaɗɗen lokaci iri biyu da suka shafe mu. Na farko, wanda suke kira *imperfecto*, mai sauƙi ne: *sabía, sabías, sabía, sabíamos, sabíais, sabían*. Shi ke nuna halin da ake ciki a da, wato "da ma na sani" ko "a lokacin ina sane". *No sabía que estabas aquí*, ban san kana nan ba. *¡Lo sabía!*, ai da ma na sani! Na biyu, *indefinido*, ya canja tushe kacokan: *supe, supiste, supo, supimos, supisteis, supieron*. Shi yana nuna lokacin da sanin ya shigo, don haka a Hausa yakan zama "na ji", "na gano", "labari ya iso ni". *Lo supe ayer por la radio*, jiya na ji a rediyo. A hirar yau da kullum *me enteré* ta fi yawa a wannan ma'ana, amma *supe* tana cike da jaridu da labarai. Da korewa kuma tana ba da "rasa": *no supe qué decir*, na rasa abin cewa. Wannan ƙa'ida ce ta galibi, domin akwai *siempre lo supe*, "tun can na sani", inda *siempre* ta tattara lokacin ta rufe shi.

*Conocer* ma haka yake yi, sai dai sigoginsa na bin ƙa'ida. *La conocía*, da ma na san ta. *La conocí en Valencia*, a Valencia muka fara haɗuwa. A nan akwai tarko ta ɗaya ɓangaren: "haɗuwa" a Hausa tana ɗaukar ta farko da ta ɗari, amma *conocí* ta farko ce kaɗai. Wanda ya yi kiciɓis da tsohon abokinsa a kasuwa *me encontré con él* zai ce. Game da wuri kuma, musamman a Latin Amurka, *quiero conocer Cuzco* na nufin ina son in je in ga birnin Cuzco na ƙasar Peru karo na farko.

Abu biyu muka kula da su a *supe* da *supo*. Ƙarfin murya a gaɓar farko yake, ba sa ɗaukar kara, saɓanin *comí* da *comió*. Sannan baƙin *p*. Hausa ba ta raba *p* da *f*, shi ya sa *supe* ke fitowa "sufe" ba tare da mai magana ya ji ba. Maganinsa madubi ne: a tsaya a gabansa a faɗi *supe, supo, sepa*, a tabbata leɓɓa biyu sun manne gam kafin su buɗe, sannan a faɗi *sofá*, a ga haƙoran sama sun sauka kan leɓen ƙasa. Kunne ba ya kama bambancin da wuri, ido ne ke fara kamawa. Don sauƙin hadda mun haɗa *supe* da 'yan uwanta masu *u* a tushe: *pude* daga *poder*, *puse* daga *poner*, *tuve* daga *tener*, *cupe* daga *caber*. Ƙarshensu iri ɗaya ne, wanda ya riƙe ɗaya ya riƙe duka.

Lokaci mai zuwa bai ba da wahala ba, *e* ce kawai ke faɗuwa: *sabré, sabrás, sabrá*, ba *saberé* ba. Haka *sabría*, wadda ma'aikaci ke amfani da ita cikin ladabi idan ba shi da amsa: *no sabría decirle*, wato "ban san abin da zan ce maka ba". *Tú sabrás* kuwa daidai take da "kai ka sani" da muke faɗa wa wanda ya ƙi jin shawara, da irin sautin nan na zare hannu.

Sigar da suke kira *subjuntivo* ta fi cin lokaci: *sepa, sepas, sepa, sepamos, sepáis, sepan*. Bahaushe ba baƙo ba ne a nan, domin muna da bambancin "ka sani" ta labari da "ka sani" ta "ina so ka sani", wadda karin sauti ke rabawa. *Quiero que lo sepas*, ina so ka sani. *Para que lo sepan*, domin su sani. *Que yo sepa*, iya sanina. Tana zuwa kuma idan ana neman wanda ba a tabbatar da samuwarsa ba: *busco a alguien que sepa árabe*, ina neman wanda ya iya Larabci, amma *conozco a alguien que sabe árabe*, na san wani da ya iya. Inda aka fi faɗuwa shi ne "idan". Namu "idan" ɗaya ne, nasu biyu. Idan lokaci ake jira, *cuando* ce da *sepa*: *cuando sepa algo, te llamo*, da zarar na ji wani abu zan kira ka. Idan sharaɗi ne, *si* ce da sigar yanzu: *si sé algo, te llamo*. *Si sepa* babu ita. *Cuando sabré* a irin wannan jimla ita ma babu, ko da yake masu Faransanci suna ta faɗin ta saboda harshensu lokaci mai zuwa yake sakawa a wurin. "Da na sani" ta nadama ita ce *si lo hubiera sabido* ko *de haberlo sabido*, a bakin 'yan Sifaniya kuma sau da yawa a gajarce, *si lo sé, no vengo*, da na sani da ban zo ba, duk da sigar ta yanzu ce.

Ma'ana ɗaya ta rage wadda ba ta da alaƙa da ilimi. *Saber* ya fito ne daga *sapere* na Latin, wanda ke nufin ɗanɗano da kuma hankali, Sifaniyanci kuwa ya riƙe duka biyun. *La sopa sabe a ajo*, miyar tana ɗanɗanon tafarnuwa. *Sabe bien*, da daɗi. *No sabe a nada*, salam take. *¿A qué sabe?*, ɗanɗanon me yake yi? Wannan ne ya sa haɗa *saber* da *a* ta mutum ya fi sauran kurakurai muni: wanda ya so cewa "ta san Musa" ya ce *sabe a Musa*, ya ce ne tana ɗanɗanon Musa. A Sifaniya za ka kuma ji *me sabe mal*, wato "ban ji daɗi ba", ana faɗin ta idan za a ƙi wa mutum wani abu ko a ba shi haƙuri.

Bayan an tattara waɗannan sai horar da kunne, kuma hirar da ake yi da 'yan ƙwallo da masu horarwa bayan wasa ta dace ƙwarai: gajeru ne, maganganun kusan iri ɗaya ne kowane mako, kuma suna cike da aikatau biyun. Za ka ji irin su *sabemos que va a ser difícil* (mun san zai yi wuya), *conocemos bien al rival* (mun san abokan karawarmu sosai), *sabíamos que iban a presionar* (da ma mun san za su matsa mana). Muna ɗaukar minti ɗaya na hira, mu saurara sau uku, mu rubuta kowace siga da muka tsinta tare da kalma biyu da suka bi ta, sannan mu tambayi kanmu me ya sa ita ce aka zaɓa. A nan ne ake gane cewa *¿sabes?* da ake jefawa a ƙarshen jimla ba tambaya ba ce mai neman amsa, "ka gane ko?" ce kawai. A nan ake tsintar *quién sabe*, wa ya sani, da *vete a saber* mai irin wannan ma'ana, da *yo qué sé*, "ni ina na sani", ta wanda ya gaji da tambaya, wadda bai kamata a faɗa wa babba ba. Duk sigar da aka yi shakka a kanta, ƙamus ɗin Real Academia Española yana intanet kyauta, kuma a ƙarƙashin kowane aikatau akwai jadawalin sigoginsa cikakke.

Abin da ya fi daɗewa bai kwanta ba shi ne abin da ke bin korarren *saber*. Bayan *no sabía que* za ka ji *estabas* ka kuma ji *estuvieras*, kuma duka biyun daidai ne. Ta farko tana ajiye maganar a matsayin tabbas, ta biyu tana ɗauke da ɗan mamaki. Bayan *no sé si*, mutumin Madrid *viene* ko *vendrá* zai ce, mutumin Meziko ko Kolombiya kuwa sau da yawa *no sé si venga*. Ga mai shirin jarrabawa ko mai rubuta wasiƙar aiki, *no sé si viene* da *no sabía que estabas* suna wucewa a ko'ina, su muka riƙe a bakinmu, sauran kuma muka bar wa kunne ya gane su idan sun zo.